Maganin ciwo a wurin aiki: wa ke jinya, wa ƙwaya ta kama, kuma yaya za a yi masa magana?

Malam Usman (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum. Tambayar makon nan daga masu kula da ma'aikata ta zo. Ma'aikaci ne mai aikin ƙarfi, ɗan dako a Tudun Hatsi, ko birkila, ko direban babbar mota, kullum da ƙwayoyi a aljihunsa, in an tambaye shi ya ce na ciwon baya ne. Maigida ya fara zargi, abokan aiki sun fara raɗa. Ta yaya ake bambance mai jinya da wanda ƙwaya ta kama? Kuma da wane lafazi za a tunkare shi? Hajiya Hauwa, Dakta, Malama Rabi, fili naku ne. Don Allah kada a ambaci sunan kowa ko na wurin aikinsa.

Hajiya Hauwa (famasis):
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga zargi sai a san wace ƙwaya ce, don abin da ake kira maganin ciwon jiki gida uku ne, kowane da inda yake ɓarna.

Na farko farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol. Babban mutum yana shan miligiram 500 zuwa 1000, ya bar tazarar awa 4 zuwa 6, kada jimillar ta wuce miligiram 4000 cikin awa 24, wato ƙwaya takwas masu 500. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, nasa bai kai haka ba. Ba ya sa maye. Inda ake faɗawa rami shi ne yawancin magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya sha na mura ya ɗora Panadol a kai, ya zarce iyaka bai sani ba. Hanta yake ci, kuma ranar farko mutum garau yake ji, sai kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya. Makarinsa ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8, saboda haka wanda ya zarce ya tafi asibiti ko da yana jin lafiya lau.

Na biyu su ibufurofen da dikilofinak da firoksikam. Ibufurofen miligiram 200 zuwa 400 ne duk awa 6 zuwa 8, bayan an ci abinci, kuma wanda ya saya da kansa kada ya wuce 1200 a rana. Dikilofinak iyakarsa 150 a rana. Firoksikam 20 ne sau ɗaya tak, don yana daɗewa a jini, ya kan kai kusan kwana biyu kafin rabinsa ya fita. Ba a haɗa biyu daga wannan gidan. Sauƙin ba ya ƙaruwa, gyambon ciki ne ke ƙaruwa. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda a wasu kemis shi ne matsalar: dikilofinak da firoksikam wuri guda, wani sa'in har da firednisolon, mai sha bai san sunan ko ɗaya ba.

Na uku su ne tiramol da kodin. Waɗannan ne ke taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a kansu ne tambayar Malam Usman take.

Dakta Sale:
Madalla, Hajiya. In ƙara a kan gida na biyu, don shi ne leburori suka fi sha, kuma ba wanda yake kallonsa da idon zargi. Ƙoda tana dogara da wasu sinadarai da ke buɗe mata hanyoyin jini idan ruwa ya ragu a jiki. Waɗannan magungunan su suke toshewa. To ɗauki zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, mutum ya wuni yana ɗaukar buhu yana zufa, ruwan da ya sha kaɗan, ga dikilofinak safe da yamma. Idan kuma yana shan maganin hawan jini irin lisinofiril tare da mai sa fitsari, abu uku ne suka taru a kan ƙoda. Alamun da ba a wasa da su: fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura, ko bayan gida baƙi ƙirin, wanda ke nuna jini na zuba a ciki. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da cikinta ya haura wata biyar, da mai asma da ya taɓa shan irinsu ƙirjinsa ya toshe, su nisance su sai da izinin likita.

Tiramol kuwa a asibiti miligiram 50 zuwa 100 ake bayarwa duk awa 4 zuwa 6, iyaka 400 a rana. Masu 50 da 100 ne NAFDAC ta amince da su. Idan ka ga kwali an rubuta 200 ko 225, ba daga hannun likita ya fito ba. Biyu daga mai 225 sun riga sun haura iyakar wuni guda, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba.

Alhaji Bello:
Ranka ya daɗe, mun ƙaru. Amma mai kula da leburori talatin ba likita ba ne, ba zai tsaya karanta kwali ba. Abin da yake gani shi ne yaron da ya fara da ƙwaya ɗaya yanzu yana shan biyu, ranar da bai samu ba kuma ba ya iya ɗaga ko kwano. A wajenmu wannan ai ɗan ƙwaya ne, me ya rage?

Malama Rabi (masaniyar halayyar ɗan Adam):
Da sauran magana, Alhaji. Abin da ka lissafa hali biyu ne, kuma ko ɗaya bai kai a yanke wa mutum hukuncin jaraba ba. Hali uku ake cakuɗawa.

Akwai sabo. Jiki ya saba da magani, adadin da ke aiki a da ya daina isa. Wannan aikin jiki ne, yana samun kowa da ya daɗe a kan tiramol, limami ne ko lebura.

Akwai dogaro. Jiki ya daidaita kansa a kan cewa maganin na nan, idan aka yanke kwatsam sai ya yi bore: hamma, majina, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, rashin sukuni. Yakan fara cikin wuni guda da shan na ƙarshe. Wanda likita ya ɗora a kan maganin makonni da yawa bayan karaya zai iya shiga wannan halin ba tare da ya taɓa ƙetare umarni ba.

Sannan jaraba, ita kuma a ɗabi'a ake ganinta. Mutum ya kasa riƙe kansa a kan adadin da ya yi niyya, ƙwayar ta sha gaban cefane da kuɗin makarantar yara, yana ganin illarta ƙarara yana ci gaba, tunaninsa kullum inda zai samo ta gaba. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi, DSM-5 na 2013, ya jera alamu 11, ana neman aƙalla biyu cikin wata 12. Kuma ya fayyace cewa sabo da alamun yankewa ba sa shiga lissafi ga wanda ke shan maganin yadda likita ya tsara.

Amfanin rarrabewar a aikace yake. Mai dogaro abin da yake buƙata a rage masa a hankali. Mai jaraba yana buƙatar wannan da kuma jinyar ɗabi'a mai tsawo. Idan aka haɗa su aka kira su da suna ɗaya a gaban jama'a, dukansu ɓoyewa za su yi, mai takardar likita ma ya koma saye a bayan tasha don kada a gan shi a layin asibiti.

Alhaji Bello:
Na ji, Malama. To amma ko wanne ne daga cikin ukun, idan ya hau bene da bulo a kai ya yi jiri ya faɗo, wa za a kama? Tausayi ba ya biyan diyya.

Injiniya Yakubu:
A nan ina bayan Alhaji, kuma ba na jin ya saɓa da Malama. Mai kula da aiki ba a ɗora masa gano cuta ba. An ɗora masa hana haɗari. Tambayarsa ɗaya ce: wannan mutumin zai iya wannan aikin yau lami lafiya? Wanda ya fara shan tiramol ko kodin, ko aka ƙara masa adadi cikin 'yan kwanakin nan, a sauke shi daga tuƙi, hawa sama, injin niƙa, injin yankan katako, da aikin wuta, har a ga yadda jikinsa ya karɓa. Haka ma mai shan maganin mura mai sa barci, wanda ba wanda ke tunawa da shi. A ba shi aikin ƙasa: ƙirga kaya, awo, rubuta shiga da fita. A kuma faɗa tun farko cewa canjin na kwanaki ne, kuma kuɗin ranarsa na nan. Idan sauke mutum daga mota na nufin ya rasa na abinci, ba direban da zai taɓa faɗa maka gaskiya.

Malam Usman:
To Malama, mu sauko kan lafazin. Maigida ya kira shi, me zai ce?

Malama Rabi:
Wuri tukuna. Ba a bakin gareji ba, ba a gaban yaransa ba, ba ta saƙon WhatsApp na rukunin ma'aikata ba. Su biyu, a zaune, bayan gaisuwa cikakkiya. Idan ma'aikacin ya girmi maigidan, a kira shi Baba ko Yaya yadda aka saba, kada muƙami ya sa a canza murya. Idan mace ce, ya fi kyau mace ta yi mata maganar, ko a samu wata ta zauna.

A fara da abin da ido ya gani, da rana da wuri. "Ranar Talata na ga kana gyangyaɗi a kan injin, jiya ma ka dafa bango sau biyu." Wannan ba ya musuntuwa, kuma ba zagi ba ne. "Ka zama ɗan ƙwaya" fassara ce, kuma amsarta rantsuwa. Da zarar mutum ya rantse da Allah a kan ƙarya, ka rufe masa hanyar dawowa, don yanzu abu biyu zai amsa.

Sai tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a. "Yaya bayan nan yake yi maka a wajen aiki?" Ka yi shiru. Shirun zai yi nauyi, kada ka cike shi da wa'azi. Mutanenmu an tarbiyyantar da su a kan dauriya, namiji ba ya cewa wayyo, ga kunya, musamman a gaban na gaba. "Da sauƙi" ita ce amsar farko ko da ciwon na cin rai. Saboda haka a tambayi aiki maimakon ciwo: buhu nawa kake iya ɗauka kafin ya tsananta? Kana iya ruku'u da sujada, ko a zaune kake salla? Yana tashinka daga barci? Waɗannan ana amsa su ba tare da jin an zubar da girma ba.

Bayan ya gama ka maimaita masa abin da ka fahimta a taƙaice, don ya gyara maka. Sannan ku tsayar da abu ɗaya ko biyu masu rana: zai ga likita ranar kaza, zai yi aikin ƙasa zuwa ranar kaza, za ku sake zama ranar kaza. Zama ba tare da ranar komawa ba hira ce kawai.

Abu uku da ke ɓata wannan zaman: yin sa cikin fushi nan take bayan kuskure, haɗa shi da barazanar kora a jimla ɗaya, da kai labarin majalisa da yamma.

Sista Laraba:
Malama ta gama magana. Ina so in sa masu sikila a ciki, don su wannan zargin ya fi ci. Mai sikila da ya san sunan allurarsa da adadinta, yana kallon agogo yana cewa lokaci ya yi, sai a ce ya kamu. Sau da yawa ba a ba shi abin da ya isa ba ne, kuma da ciwon ya lafa roƙon ke tsayawa. Wanda jaraba ta kama ba ya tsayawa don ciwo ya tafi. Amma kada mu rufe ido, akwai masu sikilar da allurar kashe ciwo ta fentazosin ta kama da gaske, suna yi wa kansu a cinya har naman ya taurare ya zama gyambo. Duka biyun suna nan. A wurin aiki abin da ke rage musu tashin ciwo sananne ne: ruwan sha a kusa, inuwa, kariya daga sanyin hunturu da na na'urar sanyaya ɗaki, da izinin zuwa asibiti da wuri ba sai ciwo ya kwantar ba.

Alhaji Bello:
To me zai hana a huta da duk wannan, a kawo gwajin fitsari kowa ya yi?

Hajiya Hauwa:
Alhaji, gwajin ba ya yin abin da ake zato. Gwajin nan na gama-gari da ke neman dangin mofin da kodin yawanci ba ya kama tiramol, sai an sayi wanda aka yi dominsa. Sai ka gwada mutum ya fita fes alhali yana sha. In kuma ya kama, bai gaya maka ko likita ne ya rubuta ba, bai gaya maka ko mutumin na cikin maye a wannan sa'ar ba, don ana ganin burbushin magani a fitsari bayan aikinsa ya wuce. Duk sakamakon da ya nuna akwai, sai an tabbatar da shi a ɗakin gwaje-gwaje kafin a ɗauki mataki. Inda aikin ke da haɗari kamar tuƙin tanka, gwaji na da muhalli, amma a rubuta ƙa'idar tun ranar ɗaukar aiki, ta hau kan kowa, a kuma faɗi abin da zai biyo baya. Gwajin da aka ƙirƙiro rana ɗaya saboda mutum ɗaya rigima yake haifarwa.

Barista Ɗanjuma:
In sa baki ta fuskar doka, a gajarce. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikacin da ta shafa hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara, idan likita mai rajista ya ba da takarda. Idan ciwon a bakin aiki aka same shi, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ce ke aiki, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa: ma'aikaci ya sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya kai rahoto cikin kwana 7. Leburori da yawa a nan suke asara, baya ya ƙage wajen ɗaga kaya, a yi shiru ana shan ƙwaya, sai bayan wata uku a zo ana neman hakki babu ko layi ɗaya a rubuce. Batun sirri kuma, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin asibiti bayyana bayanin majinyaci ba da yardarsa ba, sai a wasu 'yan halaye da ta ware. Don haka maigida kada ya buga wa likita waya yana tambayar me ke damun yaronsa. Abin da yake buƙata a takarda shi ne me ma'aikacin zai iya, me ba zai iya ba, zuwa yaushe.

Dakta Sale:
Haka ne, Barista, kuma laifin wani sa'in namu ne masu rubuta takardar. "A ba shi aiki mara nauyi" ba ta gaya wa kowa komai. Takarda mai amfani cewa take: kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo kaza, kada ya yi tuƙi, ya riƙa miƙewa duk rabin awa, a sake dubawa bayan mako biyu.

Kuma a daina ba mai ciwon baya hutun kwanciya na mako biyu. Yawancin ciwon baya na yau da kullum yana sauƙi cikin mako shida, kuma wanda ya ci gaba da motsi daidai ƙarfinsa ya fi saurin warkewa a kan wanda ya kwanta. Wanda ba a jira da shi: ƙafa ta fara mutuwa, fitsari ko bayan gida ya ƙwace ko ya ƙi fita, tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama da zufan dare, don tarin fuka na kama ƙashin baya. Waɗannan asibiti ne a ranar, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na ƙwararru, ba kemis ba.

Malama Rabi:
Dakta ya taɓo inda na fi so a tsaya. Ciwon da ya wuce wata uku ana lissafa shi a matsayin mai daɗewa, kuma a nan tunani na da hannu sosai. Ba ana nufin na ƙarya ba ne. Tun 1965 Melzack da Wall suka kawo bayanin cewa saƙon ciwo ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, akwai mashiga a lakar cikin ƙashin baya da ke ƙara shi ko rage shi, kuma saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa na cikin masu juya ta. Shi ya sa murza wurin da aka buge ke rage zafi, shi ya sa kuma fargaba da rashin barci ke ƙara shi.

Hali biyu muke yawan gani. Ɗaya kambama ciwo: mutum ya riƙa juya shi a rai, yana hango mafi muni, yana jin ba abin da zai iya. Na biyu gudun motsi saboda tsoro: ya ji zafi da ya sunkuya, ya daina sunkuyawa, naman baya ya yi rauni ya ƙage, ranar da ya gwada zafin ya fi na da, tsoron ya tabbata. Daga nan ƙwaya ce kaɗai ke ba shi ƙarfin halin fita aiki. Ga kuma wanda ya yi kishiyar haka, ranar da ya ji sauƙi ya yi aikin kwana uku, ya kwanta kwana biyu. Maganin duka biyun a auna: a nemo adadin da yake iya yi ko a ranar da ciwon ya tashi, a fara ƙasa da shi kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako bisa tsari, ba bisa yadda aka tashi da safe ba.

Maganar mutane kuma tana shiga jiki. Tsammanin sauƙi na rage ciwo, tsammanin illa na ƙara shi, an gwada duka biyun. Wanda aka nuna wa hoton ƙashi aka ce masa "bayanka ya gama lalacewa" zai fita da ciwon da ya fi wanda ya shigo da shi, alhali irin wannan zaizayar ana ganinta a hoton mutane da yawa masu shekaru da ba sa jin komai. Haka abokin aiki mai cewa "haka wane ya fara, yanzu yana keken guragu". Haka maigida mai cewa "raki ne kawai": wanda ba a yarda da ciwonsa ba sai ya ƙara nuna shi don a yarda.

Hajiya Hauwa:
Kada ma'aikatan ofis su ɗauka ba da su ake ba. Akwai ciwon kai da maganin ciwon kai ke haifarwa. Mai yawan ciwon kai da ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu kodin da na haɗi kwana 10 ko fiye, har sama da wata uku, maganin da kansa zai riƙa dawo da ciwon. Ana lissafin kwanaki ne, ba yawan ƙwaya ba. Mutum ya sa alama a kalanda duk ranar da ya sha, wata ɗaya ya isa ya ga inda yake. Idan aka daina, kan yakan ƙara tsananta na mako ɗaya ko biyu kafin ya sake, kuma wanda ba a gaya masa haka ba a kwana na uku yake komawa.

Alhaji Bello:
To a ce an yi zaman, yaro ya amsa cewa tiramol ne, ba na likita ba, shekara guda yana sha. Sai in ce ya watsar daga yau?

Dakta Sale:
A'a, Alhaji, kada ka ce haka. Tiramol hanya biyu yake aiki, ta dangin mofin da kuma ta sinadaran da magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Wannan ta biyun ce ke sa lebura jin kuzari, ita ce kuma ke sa yankewarsa ta zo da firgici da ruɗewa a kan gudawa da zufan da Malama ta faɗa. Wanda ya yanke da ƙarfin tsiya yakan koma cikin kwanaki. Mafi haɗari, bayan an ɗan daina sabon jiki na raguwa, in ya koma kan adadinsa na da zai iya kashe shi. Ana ragewa ne a hannun likita, misalin kashi 10 cikin 100 a mako, wanda ya shekara kuma a kan bi shi a hankali fiye da haka, har kashi 10 a wata. Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ne ke wannan aikin, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. A gaya wa likitan duk abin da ake sha, don tiramol da magungunan ciwon damuwa irin amitiriftilin ko fuluwoksetin ba sa jituwa, haka shi da maganin barci ko giya.

Lamarin ba na mutum ɗaya ba ne. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba, a shekarar da gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Duk mai leburori da yawa ya ɗauka akwai irinsu a cikin nasa.

Sista Laraba:
A kuma koya wa masu gadi da shugabannin leburori abin yi in wani ya faɗi. Idan ba ya farkawa, numfashi ya yi ƙasa sosai ko yana minshari mai kakari, ƙwayar ido ta tsuke, leɓe ya canza launi: a kwantar da shi a gefe, a buɗe masa hanyar iska, a nemi mota nan take. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, huhu za su tafi. Idan jijjiga yake, a janye abin da zai buge shi, kada a cusa cokali a baki, kada a danne shi. A tafi da kwalin ko ledar abin da ya sha, kuma wanda ya raka shi ya faɗi abu huɗu a bakin ƙofa: me ya faru, ƙarfe nawa, me ya sha, wace cuta aka san shi da ita. Akwai allurar naloksan da ke farfaɗo da numfashi, amma aikinta kan ƙare kafin na ƙwayar, don haka ko ya farka ya ce a mai da shi gida, a bar shi a asibiti.

Injiniya Yakubu:
Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba. Idan mutum biyar a layi ɗaya duk suna shan maganin baya, a duba layin. Buhu mai kilo 100 a kan wuyan mutum ɗaya, biyan kuɗi a kan yawan buhu, ba hutu, ba baro: wannan tsarin ne ke aika su kemis. Baro ko kura, ɗauka mutum biyu, dakali daidai bakin mota don a daina ɗagawa daga ƙasa, mai da lodi mai nauyi zuwa safiya da la'asar a lokacin bazara, randa a inuwa. Kuɗinsu bai kai jinyar ƙoda ɗaya ba.

Alhaji Bello:
Wannan na biyan kuɗi a kan buhu zai yi wuyar canzawa, Injiniya, su kansu 'yan dakon ba za su yarda ba, don a nan mai ƙarfi ke samun nasa. Baro da dakali dai ana iyawa. Hajiya, azumi fa? Masu shan dikilofinak da sahur su fita lodi?

Hajiya Hauwa:
Shi ne mafi muni a cikin duka, Alhaji: awa goma sha uku ko fiye ba ruwa, ga rana, ga maganin na aiki a kan ƙoda da ciki. In dole ne a sha, a mai da shi bayan buɗa baki, bayan an ci abinci sosai an sha ruwa, da sahur kuma a tsaya a kan farasitamol. Man shafawa na dikilofinak ya fi sauƙi ga ciki da ƙoda idan ciwon a gwiwa ne ko kafaɗa, don kaɗan ne ke shiga jini. Mai hawan jini ko ciwon suga ko gyambon ciki ya je a tsara masa magungunansa tun cikin Sha'aban. Wanda kuma ke kan tiramol kullum kada ya ce azumi zai yanke masa, ya fara ganin likita makonni kafin a ga wata, don a daidaita ragewar da lokutan sahur da buɗa baki.